Waliyyin Kalmomi da 'Yar Guri

Duk wanda ya yi sakandare a Haɗeja cikin shekarun nan, in ka ce masa Malam Abdulmannan sai ya tsaya yana lalube. Ce masa Waliyyi, yanzu ka ga ya yi dariya ya gyara tsayuwa. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har kasuwar kifi, inda matan da ba su taɓa taka aji ba suke ce masa, "Waliyyi, yau ba ka sayen tarwaɗa?"

Ni sunana Yunusa, Hausa nake koyarwa a makarantar da yake koyar da Turanci, bango ɗaya ne ya raba ajina da nasa. Bayan haka taubashina ne, babana da innarsa ciki ɗaya suka fito. Saboda haka ina da lasisin zaginsa tun muna tsirara a bakin kogi, kuma ban taɓa barin lasisin ya yi tsatsa ba. Abin da zan faɗa a kansa, rabi na gani da idona, rabi na ji ta cikin bangon nan.

Ga inda sunan ya samo asali. Shi a wurinsa kalmomin Turanci aure suke yi. Ranar farko da yara suka shiga ajinsa zai ce musu, "Ku saurara. Kowace kalma a harshen nan tana da mijinta. Kai kana shan magani, Bature ɗaukar magani yake yi. Kai mura ce take kama ka, shi kuwa shi yake kama mura, Allah Ya sawwaƙe. Kai ruwa mai ƙarfi ake yi maka, shi nasa ruwan mai nauyi ne. Hankali ma biyan sa yake yi. Kar ku tambaye ni dalili, ba ni na ɗaura auren ba, na zo na tarar." Yara su yi ta dariya. In yaro ya haɗa kalmomi biyu da Bature ba ya haɗawa, sai ya ja musu layi da jan biro ya ce, "Wannan zaman ba shaidu."

Ba da wannan ilimin aka haife shi ba. Ɗan masunci ne, a unguwar Gagulmari aka yanke masa cibiya, kuma har ya shiga sakandare hannunsa ƙarnin kifi yake yi. Yana da kai, ba a musu. Ƙamus ya bi shafi-shafi yana haddacewa, har ya zama in ka tare shi da kalma zai ba ka ma'anarta kafin ka rufe baki. Da aka yi jarrabawar fita, ya ci komai ya faɗi Turanci. Ya ɗauki insha'in da yake taƙama da shi ya kai wa wani tsohon malami, mutumin ya karanta ya ce masa, "Yaro, kowace kalma a nan daidai take. Amma ba su san juna ba. Ka tara baƙi a ɗaki ɗaya ka ce su yi hira." Wannan maganar ce ta zame masa sana'a. Daga ranar ya daina farautar kalma ɗaya-ɗaya, sai biyu-biyu. Rediyo a kunne, tsohuwar jarida da aka naɗe ƙosai da ita ba ta tsira ba. Shekarar da ta biyo ya ci, ya wuce kwalejin malamai, ya dawo gida da alli a hannu.

Da ya daɗe yana koyarwa sai hukumar jarrabawa ta fara kiransa duban takardu. Duk shekara yakan tafi Kano, ya dawo da buhun takardun yaran da bai taɓa gani ba, ya baje a zaure yana bi da jan biro. A nan na fara ganin mutumin da ke sa aji dariya yana tsaki shi kaɗai.

Ya taɓa yi mini bayanin yadda abin yake. Makin insha'i kashi-kashi ne: akwai na abin da ka faɗa, akwai na yadda ka jera shi, akwai na yadda ka furta shi, akwai na kurakurai. Ya ce auren kalmomi in ya lalace, ba a kashi ɗaya yake cizo ba. Yana cinye makin furuci, sannan yana ɓata wa mai dubawa rai, daga layi na uku ya riga ya yanke wa yaron hukunci, sauran karatun neman hujja ne kawai. Yaron da bai faɗi komai ba, amma ya haddace jimloli masu aure na sunna ya jera su, sai ya haye. Yaron fadama da ya rubuta yadda tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonar shinkafar ubansa suka tashi da ita kafin azahar, abin da in ka karanta sai ka ji kukan tsuntsayen, shi ne zai faɗi, don da Hausa ya yi tunani ya sa wa tunanin rigar Turanci.

Na ce, "To ka ɗaga masa ƙafa mana. Wa ya gan ka?"

Ya ce, "Shugaban rukuni. Yana zaro takardu daga buhuna ya sake dubawa. In ya ga na yi sassauci, ya dawo mini da buhun gaba ɗaya, baɗi kuma ba za a kira ni ba. Wanda za a kira a madadina bai san ma menene jan-baki ba." Sannan ya ce, "Kuma gaskiya ce, Yunusa. Bature ba ya faɗar haka. In na ba shi maki na yi ƙarya."

Abin da ya sa ban taɓa iya kayar da shi a wannan gardamar ba ke nan. Mutumin ba ya ƙarya a kan maki, ko da ɗan sarki ne. Ya tsani ma'aunin, kuma ya yarda da ma'aunin, haka ya rayu a tsakani. Abin da ya iya yi kawai shi ne ya buɗe darasin yamma a zaurensa, kyauta, duk wanda Turanci ya kayar ya zo. 'Yan acaɓa, matan aure, wani ɗan sanda mai furfura. Da yawa sun haye ta hannunsa, wasunsu yanzu in suka zo gari da mota sai sun tsaya sun durƙusa masa.

Amma inuwar giginya ce, na nesa ka sha ta.

Yana da 'yar fari, Bara'atu. Ana yaye ta yayarsa Ummussalma ta zo ta goya ta ta tafi da ita ƙauyen da take aure, gaba da Guri kaɗan, kamar yadda aka saba. Kunyar 'yar fari kowa yana yi, ni ma na yi tawa, amma ta zamaninmu ce, ta baki. Shi kuwa Abdulmannan ya ɗauke ta da nauyinta yadda kakanninmu suka bar ta. Ban taɓa jin sunan yarinyar a bakinsa ba. "'Yar Guri" yake cewa, ko "ta wajen Yaya". In ta zo hutu ta durƙusa gaishe shi, sai ya amsa wa bango. In aka yabe ta a gabansa sai ya tashi ya ba da wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Shi yake aika shinkafa da atamfar salla, shi ya biya makaranta, amma ta hannun wani, kuma ba da sunansa ba.

Ni kuwa abin ya zame mini abin tsokana. Duk sanda na je ƙauyen sai na ce, "Bara'atu, ubanki yana gaishe ki, jiya ma sai da ya yi kukan kewarki har ya jiƙa matashi." Ita da Ummussalma su yi ta dariya, don sun san ƙarya ce irin ta taubashi. Ummussalma ta ce, "Kai dai Yunusa bakinka ba ya ɗaukar azumi."

Bara'atu ta gama sakandare a Guri. Ta ci lissafi, ta ci kimiyya duka, ta faɗi Turanci. Ta sake zama, ta faɗi. Ta kuma sakewa. Garin nan babu wanda bai san cewa 'yar Waliyyi Turanci ya hana ta gaba ba, kuma babu mai iya faɗa masa sai ni. Ana cikin haka ta fara taimaka wa ungozomar ƙaramin asibitin ƙauyensu, wata Malama Aisa. Daga wanke kwanuka da dafa almakashi har ta kai ana bar mata mai naƙuda. Hannunta yana da sa'a. Mata suka riƙa cewa in ba Bara'atu a ɗakin su sai su jira. Burinta ɗaya ne a duniya, ta shiga makarantar koyon aikin ungozoma ta fito da takarda, kuma ƙofar makarantar ba ta buɗuwa sai da kiredit a Turanci.

Sai aka aiko daga sama cewa daga ƙarshen shekara duk wanda ba shi da takardar aiki, ko shaidar ya samu gurbin karatu, kada a sake ganin sa a ɗakin haihuwa. Malama Aisa ta yi iya roƙonta, aka ce doka ce. Jarrabawa ɗaya ta rage kafin wa'adin, ta masu zaman kansu da ake yi bayan kaka. In Bara'atu ta ci, ta tsira da ɗakinta. In ta faɗi, shi ke nan.

Na same shi a zaure na ce, "Kai, jikan masunta. Ka aurar da kalmomin duk garin nan, taka 'yar tana zaune da zawarawa a takarda. Ba ka jin kunya?"

Ya ce, "Kunyar ce ai."

Na ce, "Wannan ba kunya ba ce, ciwo ne."

Mun kai sati muna wannan. Ya ce bari ya nema mata malami a Guri, na ce an yi an gaji. Ya ce bari ya faɗa mini darasin ni in je in koya mata, na ce Turancina ko akuya ba zai kora daga gona ba. Daga ƙarshe muka yi sulhu: za ta zo Haɗeja a dogon hutu, ta zauna a darasin yamma cikin jama'a kamar kowa. Shi zai koyar da aji, ba ita ba. In ta tsinci wani abu, ruwanta.

Ta zo da damina, ta sauka wajen innarta a cikin gida. Bayan la'asar sai ta fito ta zauna can ƙarshen tabarma, kusa da inda ake ajiye takalma. Nakan leƙa don in ga yadda abin yake tafiya. Shi yana kallon kowa ban da kusurwar nan, wuyansa har ya koyi tsayawa a rabin hanya. Ita kuwa ba ta ɗauke ido daga bakinsa. Na lura tana motsa leɓe tana maimaita duk abin da ya faɗa. Budurwa ce babba, wadda ta karɓi haihuwa ba adadi, amma a zauren nan ko tari ba ta iya yi.

Bayan kwanaki ya ba su aiki: kowa ya rubuta insha'i a kan ranar da ba zai manta ba. Yawancinsu suka kawo abin da suka haddace, ranar salla, ranar da aka ba su kyauta a makaranta, jimloli masu aure da shaidu da sadaki, ba kowa a ciki. Bara'atu ta cika shafi uku.

Washegari da hantsi ya aiko a kira ni. Na same shi ba a zaure ba, a bakin kogi wajen da ubansa yake ɗaure jirgi a da, ruwa ya cika ya yi ja. Takardar tana hannunsa. Bai gaishe ni ba ya ce, "Zauna ka ji." Ya riƙa karantawa da Turanci yana juya mini da Hausa, ko da yake juyawar ba ta yi masa wuya ba, don Hausar tana nan kwance a ƙarƙashi.

Labarin wata rana ne a daminar da ta wuce. Ruwa ya ci hanya, aka zo da jirgi daga wata ruga aka ce mace tana kan gwiwa tun asuba. Malama Aisa ba ta nan. Bara'atu ta shiga jirgin, suka ɗauko matar za su kai ta Guri, a tsakiyar ciyawar kacalla da ta cika ruwan haihuwa ta zo. Mai jirgi ya kafa gorarsa ta tuƙi ya juya baya yana salati. Surukar matar ta riƙe zane ta yi musu labule. Yaron ya fito shiru, cibiya ta naɗe masa wuya. Ta rubuta yadda ta zura yatsa ta zare ta, yadda ta kifa shi a tafin hannunta tana murza bayansa, tana jin jirgin yana juyawa da su a hankali don mai jirgi ya saki gorar. Ta ce ba ta san tsawon lokacin ba, ta dai san gwiwarta tana cikin ruwa. Sannan yaron ya sha iskarsa ta farko ya tsala ihu, tsuntsayen da ke cikin kacalla suka tashi gaba ɗaya.

Ya ninke takardar. Ya ce, "Shekara nawa ina duba takardu, Yunusa. Ban taɓa karanta kamar wannan ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ta ci ke nan."

Ya ce, "Ta faɗi. Bature ba ya cewa ruwa ya ci hanya. Ba ya cewa mace tana kan gwiwa. Ba ya shan iska. Kusan kowane layi akwai zaman da ba shaidu." Ya share fuska da hannun riga. "Amma gyaran mai sauƙi ne. Wanda ba shi da abin faɗa ba ka iya ba shi. Ita tana da shi, aure kawai za a ɗaura. Wata biyu ya ishe ni."

Na ce, "To ka faɗa mata haka. Yadda ka faɗa mini, kalma da kalma."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa.

Da yamma na je zauren. Ya raba takardu. Ɗabi'arsa ce kowa ya miƙa wa sai ya haɗa masa da 'yar magana, ko da takardar ta mutu: "Ka kusa," ko "Wannan jimlar taka ta yi kyau, riƙe ta." Ɗan sandan nan ma da ya rubuta shirme sai da ya samu "Da sauranka, amma ka motso." Da aka zo kan tata, sai ya ba na kusa da shi ya ce, "Miƙa baya." Takardar ta bi hannu-hannu har wajen takalma, kowa yana gani. Ja ce jawur. Ya bi kowane layi, ya ja, ya rubuta daidai a sama da ƙananan baƙaƙe, aikin da ban taɓa ganin ya yi wa wani ɗalibi rabinsa ba. Ni na san ƙauna ce ta sa shi wannan wahalar. Ita abin da ta gani shi ne babu takardar da ta kai tata jini a zauren.

Da a nan aka tsaya da da sauƙi. Sai ga Malam Umara, limamin unguwa, ya leƙo zai wuce masallaci. Ya ga yarinyar ya ce, "A'a, Malam, ashe ta wajenka ma tana ciki. Yaya ƙoƙarin nata?"

Kowa ya san amsar da uba yake bayarwa in an tambaye shi ɗansa a bainar jama'a, balle ɗan fari. Ba ka yabo. Kana ƙasƙantarwa, mai tambaya ya ce a'a, Allah Ya yi albarka, a wuce wurin. Abdulmannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai wannan sai addu'a, Malam. Kan ba ya ja."

Liman ya yi dariya ya ce Allah Ya buɗa, ya wuce. Shi ya ji maganar al'ada. Ni ma ita na ji. Amma yarinyar da ta tashi a wani gida, wadda tun da aka haife ta ba ta taɓa jin ubanta ya faɗi wani abu a kanta ba, wannan ce jimlar farko da ta ji daga bakinsa. Kuma ba bakin kowa ba ne, bakin mutumin da duk ƙasar Haɗeja ta yarda in ya ce ka faɗi, ka faɗi. Ta tashi ta ajiye takardar a kan tabarma, ta ɗauki takalmanta a hannu ta shiga gida. Da gari ya waye ta hau motar Guri.

Na bi ta bayan kwana biyu. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida, Ummussalma tana gefe. Na ce, "Bara'atu, wallahi ubanki ya kira ni bakin kogi ya karanta mini rubutunki. Ya ce bai taɓa karanta kamarsa ba. Har hawaye ya share."

Ummussalma ta fashe da dariya. "Ya jiƙa matashi ko?"

Na ce, "Na rantse fa."

Bara'atu ta yi murmushi ba ta ɗago ba. Ta ce, "Baba Yunusa, na gode. Na san so kake ka faranta mini."

Na yi rantsuwa iri-iri, har na ce a ɗauko Alƙur'ani, Ummussalma ta ce kar in jawo musu masifa a gida saboda wasa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mai gaskiyar ba ya iya faɗa, ni mai iya faɗa ba a saye a wurina.

Na dawo Haɗeja na ce masa ko ya tashi mu tafi ko in tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a in ba da labarin hawayensa. Ya san zan iya. Muka tafi. Lokacin ruwa ya riga ya yanke hanyar ƙauyen, daga Guri sai jirgi. Muka ratsa kacalla, ta rufe mu ta ko'ina, ba ka ganin komai sai ganye da 'yar hanyar ruwa da aka sare. Yana zaune a gaba da takardar a aljihu, bakinsa yana motsi. Na gane bita yake yi. Mutumin da ya koya wa dubban yara yadda ake jera magana yana haddar abin da zai faɗa wa 'yarsa.

Aka shimfiɗa mana tabarma a rumfa. Ummussalma ta zauna, Bara'atu ta kawo ruwa ta durƙusa a bayanta. Aka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi shinkafa, aka jajanta gonakin da suka nutse. Na zungure shi da gwiwa. Ya gyara murya, ya dubi yayarsa ya ce, "Yaya, a gaya mata ƙarshen watan nan ake rufe rajista."

Shi ke nan abin da ya fito daga duk bitar cikin jirgi.

 Sai Bara'atu ta ce, ita ma ba shi take kallo ba, "Gwaggo, ki tambayar mini Malam. Rubutun nan da na yi, da a can wajen jarrabawa ya same shi a buhunsa, bai san mai shi ba, ya ci ko ya faɗi?"

 Na roƙi Allah a zuciyata Ya sa mutumin nan ya yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa. In ba zai yi ba, to ya faɗi gaskiyar duka, har da rabin da ya faɗa mini a bakin kogi. 

Ya ce, "Ya faɗi."

Na ce, "Ƙarasa mana!"

Ya buɗe baki. Ummussalma tana kallonsa, maƙwabciya ta leƙo ta katanga, yarinyar tana durƙushe taku uku daga gwiwarsa. Ya rufe bakin, ya ɗauki kofin ruwa.

Bara'atu ta ce, "To. Iyakar abin da na iya ke nan, Gwaggo. Wanda na rubuta ɗin nan ba ni da wanda ya fi shi. In shi ma ya faɗi, a bar wa masu kai." Ta ɗauki tiren ta shiga ɗaki.

A jirgin dawowa, karo na farko tun muna yara, na rasa abin tsokanarsa da shi.

Ba ta yi rajista ba. Ya aika da kuɗin ta hannun direba, aka dawo masa da su. Ƙarshen shekara Malama Aisa ta karɓi makullin ɗakin haihuwa daga hannunta tana kuka. An turo wata yarinya daga birni mai takarda, ta yi 'yan watanni, sauro da rashin hanya suka kore ta. Bara'atu yanzu bandar kifi take yi tare da gwaggonta, ana kawowa kasuwar Haɗeja a kwali. An ce har yanzu mata suna aikowa a kira ta, takan je ta riƙe musu hannu har a samu jirgi, amma ba ta shiga ɗakin. In na je ƙauyen tana yi mini fara'a, ta cika mini leda da kifi. Maganar makaranta kuwa ko da wasa ba ta bari a ɗauko.

Shi yana nan. Furfura ta cinye kansa, saura kaɗan ya yi ritaya, har yanzu yana zuwa Kano ya dawo da buhu. Abu ɗaya ne ya ƙaru. Duk shekara, in 'yan ajin ƙarshe suka kusa jarrabawa, akwai ranar da yake zuwa da wata takarda mai shafi uku da ta fara yagewa a maninka. Yakan ce musu, "Yau za ku ga misalin auren da ba shaidu. Ku saurara, ku tsamo kurakuran." Ta wannan hanyar ce kaɗai ya samu ya karanta ta da ƙarfi a gaban mutane ba tare da an ce ya yabi 'yarsa ba.

Ina jin sa ta bango. Nakan ba nawa ɗaliban aiki in yi shiru. Yana karantawa tun daga ruwan da ya ci hanya, ba ya tsayawa gyara ko ɗaya, ajin da ba ya rabuwa da surutu ya yi tsit. In ya zo wajen da yaron ya sha iskarsa ta farko, sai ya yi tari ya ce alli ne.

Bana wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wa ya rubuta?"

Ya ce, "Wata 'yar Guri ce."

"Ta ci jarrabawar?"

 Ya ce, "Ba ta zauna ba. Ku ɗauko biro, mu fara daga layin farko."